Wuyan Jitar Kawu

Daga Allah muka zo, Kawu kuma ya riga mu komawa gare shi. Ya rasu a tsakiyar zafin nan da ya wuce, bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Lamaji kafin rana ta faɗi. Wannan na karɓa, ba ni da ja. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da kunnena ya jiyo a zaman makokinsa.

An kafa tanti a ƙofar gida a unguwar Ambassatna, aka tare layin da benci, jama'a suka yi ta zuwa. Mu zuriyar mahauta ne, don haka 'yan kasuwar dabbobi ne suka cika tabarmin gaba, ni kuma ina jin su ta tagar ɗakin da mata ke zaune. Wannan ya ce, "Allah ya jiƙan kafinta, shi ya yi mana ƙofar masallaci." Wancan ya ce, "Allah yarhama, teburin yankana aikinsa ne, har yau bai motsa ba." Ƙofa, teburi, gado, akwatin aure, aka bi duk katakon da ya taɓa buga wa ƙusa aka ambata, amma ba bakin da ya iya furta jita. Mutum ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana sassaƙa jita, duk mai kaɗa ta a garin nan ya san ƙofar gidansa, sai ranar mutuwarsa a mai da shi mai gyaran ƙafar kujera, wai don a rufa masa asiri.

Cikin gida kuwa mata sun riga sun gama bincike. Wata dattijuwar maƙwabciya ta kama hannun Iya, matar Kawu, ta ce, "Injin sassaƙan nan da ya sayo ne ya cinye shi, wallahi. Abin da zai yi ta aiki ba hannun mutum a kansa, ai kin san ba banza ba." Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Na tashi na fita tun kafin in faɗi abin da za a shekara ana maimaitawa.

Na leƙa shagon Kawu da ke jikin zaure. Yaya, babban ɗansa, ya sa an lulluɓe injin da tamfol, an jibge buhunan shinkafar sadaka a kai. A kan teburin da muka sha baƙar wahala kafin ya daidaita! A bakin shagon kuma, can inda inuwar tanti ba ta kai ba, Tonton ne zaune da mutanensa na unguwar Moursal, hularsa a gwiwa. Shi ke koyar da mawaƙan wata coci a can, abokin Kawu ne tun suna samari, kuma jitar da ta fi kowace kyau cikin aikin Kawu tana hannunsa. Ya ɗago ya ce da ni, "Bitti, 'yata, ba wanda ya ambaci jita?"

Na ce, "Mafi, Tonton, babu. Ko mutum ɗaya."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma da haushina nake rubutawa, na masu ta'aziyya da na mamacin gaba ɗaya.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Sunan uwarsu aka sa mini, don haka "Uwata" yake kirana, da wannan sunan kuma ya yi ta juya ni yadda ya ga dama. Tun yana saurayi ya guje wa fawa, ya ce shi warin jini ba ya yi masa. Ya koyi kafinta, yana taɓa gurmi da garaya a gefe, har ranar da wani ya kawo masa karyayyiyar jita gyara. Ya buɗe cikinta ya duba, daga nan dangi suka rasa shi.

Jikin jita yana da ma'auninsa na kwali rataye a bango. Wuya ne ba ya aunawa, wato dogon sandan nan da makaɗi ke riƙewa da hannun hagu. Sai ya ɗauki gizago da magagari, ya sassaƙa, ya rufe ido ya shafa, ya ƙara sassaƙawa. Makaɗa sukan ce jitar Kawu ba ta gajiyar da hannu, ko a kwana ana kiɗa. In ka tambaye shi kaurin wuyan, sai ya dube ka kamar ka tambayi abin kunya, ya ce, "Daidai hannu."

Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "bari tukuna." Tuwo na hucewa, bari tukuna. Rufin ɗaki na yoyo, bari tukuna. Iya takan ce ranar da mutuwa ta yi masa sallama, ita ma amsar da za ta samu ke nan.

Ba zan ɓoye alherinsa ba don ina fushi. Lokacin da aurena ya mutu na dawo gida, kowa yana da tambaya, kowa yana da shawara. Kawu bai tambaye ni komai ba. Ya aika aka kira ni shago, ya nuna mini wani katako ya ce, "Uwata, zauna ki riƙe mini nan." Na riƙe har magariba. Washegari ma haka. Katakon nan ba ya bukatar riƙon kowa, maɗaurinsa na ƙarfe yana rataye a bango ina kallonsa. Haka na yi ta zuwa ina riƙe katako har bakin mutane ya gaji ya koma kan wata.

Rawar hannunsa a hankali ta shigo. Wajen shayi na fara lura, kofi na ƙara a kan faranti. Sai ya koma sha da hagu, ya riƙa zama a kan hannun dama in an yi baƙi. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Kawu bai sake ta da maganar ba, har ranar da Tonton ya nuna masa wani abu a waya: inji yana sassaƙa jita shi kaɗai, yana bin zanen da aka yi a kwamfuta. Ya yi ta kallo har wayar ta mutu. Da yamma ya aiko kirana.

"Uwata, ba zanen gidaje kike yi a ordinatar ba?"

"Shi nake yi, Kawu." A ofishin wasu magina nake aiki da kwamfuta, ita yake kira ordinatar.

"To jita ai ba ta kai gida girma ba."

Na ce ni ban san komai a kan injin sassaƙa ba. Ya zaro hannun daga ƙarƙashin cinyarsa ya ɗora a gwiwa, muka zuba masa ido yana karkarwa. Ya ce, "Wannan tafiya zai yi ya bar ni. Ina so inji ya koyi wuyan kafin ya tafi. In ya koya, kalas, shi ke nan." Ban taɓa jin ya roƙi wani abu ba sai ran nan, don haka na ce to.

Ya sayar da filinsa na bayan gari, Yaya ya yi tsalle ya dire, Kawu ko a jikinsa. Injin ya iso ta garin Kuseri cikin akwatunan katako, da littafinsa na Sinanci da Ingilishi. Ni Faransanci na yi, Kawu kuma ajami. Da hotunan littafin da bidiyon waya muka harhaɗa shi, muna kwancewa muna sake ɗaurawa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, teburi ne mai faɗi, da wata gada a kansa mai zuwa gaba da baya. A jikin gadar akwai kai mai haƙorin ƙarfe, yana juyawa yana cin katako, kwamfuta na gaya masa inda zai bi. Ba shi da ido. Abu ɗaya ya sani, shi ne wurin da aka nuna masa a matsayin mafari, wanda ake kira sifiri. Daga nan yake auna komai. In katako ya gusa bayan an nuna masa sifiri, ko da kaurin farce ne, shi bai sani ba, yankansa kawai zai ci gaba da yi. Na yi wa Kawu wannan bayani da Hausa, na yi da Larabci, har da Faransancin da ba ya ji. Ya ce ya gane.

Ranar gwajin farko na kawo fallen katako mai arha. Ya ce injin da aka sayar da fili dominsa ba zai yi buɗa-baki da wannan tarkace ba. Ya shiga ɗaki ya jawo maɗacin da ya ajiye ƙarƙashin gado yana bushewa tun ina makaranta. Na roƙe shi, ya ƙi. Na ɗaure katakon, na nuna wa inji sifiri, na shiga cikin gida na yi azahar. Na dawo muka yi bisimilla na danna. Haƙori ya sauka, ya kama hanya tiryan-tiryan, ya yanko ƙugun jitar ya fice ta gefen katakon ya ci gaba da sassaƙa iska.

"Kawu, kun taɓa katakon nan?"

"Ban taɓa ba. Juya shi kawai na yi. Kin sa shi kai a ƙasa. Itace yadda ya tsaya a daji haka ake aikinsa, gindi wajen gindi."

"Ai na ce muku in ya gusa..."

"Injin da za a juya masa katako bai sani ba, ina wayonsa?"

Wannan shi ne karatu na farko. Na biyu, ya hana a huda gefen katako a kafe shi da noti, wai ba a yi wa maɗaci haka. Ya ɗaure shi da robar taya yadda ake ɗaure kaya a bayan keke. Haƙori na shiga, katako ya tashi sama, ya fita ta ƙofa ya fasa randar Iya. Haƙorin ma ya karye. Na zaga 'yan ƙarafan kasuwar Grand Marché rumfa-rumfa ina kwatance, kowa sai ya miƙo mini abin huda bango ya ce shi ne. Sai da muka jira aka kawo wani daga waje.

Ga kuma kuran, wato wutar lantarki. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, inji ya manta sifirinsa, sai a koma farko. Muka aro gurup, wato janaretan da Yaya ke kunna wa firjin namansa, ƙarar inji ta haɗu da ta gurup, unguwa ta ɗauka. Maƙwabcinmu mai kilishi ya zo da faifai a hannu yana nuna mana garin katako a kan namansa. Kawu ya ɗanɗana ya ce bai ji bambanci ba.

Ana cikin haka sai ya ce shi ma sai ya koyi ordinatar da kansa, ba zai zauna 'yar ƙanwarsa tana yi masa tafinta tsakaninsa da kayansa ba. Mutumin da hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, shi ne zai ja layi da abin da yake kira "ɓeran nan." Ya ja, layi ya tsallake ya bar allon. Ya ce ɓeran ne ba shi da tarbiyya. Watanni muka ɓata a kan wannan, ina kallon hannun yana ƙara lalacewa, ina cizon yatsa.

Duk da haka mun kai ga nasara, kada a ce ban faɗa ba. Ranar da inji ya fitar da jikin jita sumul, ba tsaga ba karkata, Kawu ya ɗora kwalinsa a kai ya ga sun hau daidai. Sai kuma tsagogin da ake dasa ƙananan ƙarafa a fuskar wuya, aikin da yakan cinye masa kwanaki da ruwan ido. Inji ya gama su kafin shayi ya tafasa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Seme," wato ya yi kyau. Da ya ga ina murmushi sai ya ƙara da cewa, "Amma ya cika surutu."

Saura bayan wuya, abin da aka sayi injin dominsa. Shi ba ya zanuwa da ka, domin lanƙwasarsa tana sauyawa daga gindi zuwa kai, Kawu kuma ba shi da lamba ko ɗaya da zai ba ni. Na bincika na samo hanya. Ana cire haƙori a sa wata allura mai dunƙulen kai, ita ba ta yanka, taɓawa kawai take yi. Sai ta bi katako ɗigo-ɗigo tana taɓawa, kwamfuta na riƙe siffar. Abin da ake bukata kawai shi ne wuya ɗaya na aikin Kawu. Na ce ga jitar Tonton, a kifa ta a kan teburi, allura ta shafa ta, a mayar masa da abinsa. Tonton ko musu bai yi ba, ya ɗauko ta a kilando, wato acaɓa, ya rungume ta kamar jariri ya kawo.

Kawu ya karɓa ya juya ta, ya mayar masa. Ya ce, "Wannan aikin yaro ne. Lokacin ban san komai ba. Sabo zan yi, wanda ya fi wannan, shi inji zai koya."

Tonton ya ce, "Ahuya, ɗan'uwana, wannan jitar ta aurar da rabin Moursal. Me ya rage mata?"

"Kai kiɗa ka sani."

Na ce, "To yaushe za ku yi sabon, Kawu?"

"Bari tukuna."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kawu, hannunku ba ya jira. Ku dube shi mana!" Ya mayar da hannun bayansa, ya ce in ɗauki ordinatar ɗina in ba shi wuri. Na ɗauka na fita. Gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka mai da ni wurin ita zan sake faɗa. Muka daɗe ba ma magana, sai gaisuwa daga nesa. Ran nan Iya ta zo gidanmu da ƙunshin kilishi ta ce, "Kawunki ya ce inji na nemanki." Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan.

Na koma, amma sabon wuya shiru. Damina ta zo, ruwa ya shiga shago, muka ɗora injin kan bulo muka sake daidaita shi. Ya zaɓi katako ya ce ɗanye ne. Ya zaɓi wani ya ce jijiyarsa ta karkace. Ya wasa gizago, ya rataye. Jitar Tonton na nan lafiyarta ƙalau a Moursal, aikin wuni ɗaya, amma ko sunanta ba a isa a kira ba. Hannun kuwa ya kai ga Iya ce ke ɓalla masa maɓallin riga, Yaya kuma ke riƙe shi zuwa masallaci.

Sai a lokacin ya ga damar farawa. Ya kulle kansa a shago, muna jin magagari daga waje, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Da ya buɗe ƙofa, wuyan na naɗe cikin rawaninsa. Da kansa ya kwantar da shi kan teburin inji. Na kai hannu, ya buge. Ya ce, "Hannu yana da maiƙo. Wannan shi ne. Sa allurarki." A ido ya yi kyau, ba ƙarya. Allura ta wuni tana taɓawa, shi kuma yana zaune a gefe bai ko tashi cin abinci ba. Da siffar ta fito a allon kwamfuta na ga layukan ba su miƙe sosai ba, na ɗauka girgizar gurup ce.

Washegari na zo in sake dubawa, na tambayi wuyan. Iya ta nuna mini murhu. Ya sa shi a wuta tun da safe, an dama koko da shi.

"Kawu! Don me?"

"Ba ya haddace ba? Allo in an haddace ai wankewa ake yi."

Na ce to mu yanka ɗaya yau mu gani. Ya ce sai ya samo katakon da ya dace. Bai samo ba. Zafi na shigowa ya kwanta, daga kwanciyar nan kuma bai tashi ba. Ya tafi bai ga abin da injinsa ya koya ba, ni ma ban gani ba.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya same ni. Ni da shi taubasai ne, tun muna yara muke zagin juna, amma ran nan ba wasa a fuskarsa. Ya ce wani mai rubuta allunan shaguna a bakin kasuwa yana son injin, shi kuma yana bukatar ɗakin ya sa firji. Na ce ya ba ni wuni ɗaya. Ya ce, "Ke da tsoho kun cinye fili, wuni ɗaya me zai ƙara?" Na ce ya kwashe shinkafarsa dai.

Na share teburin, na sake daidaita shi, na aika wa Tonton. Cikin ragowar maɗacin da muka ɓata ran farko na samu tsayin wuya ɗaya. Na kafe shi da noti, ba mai hana ni. Na nuna sifiri, na tsaya a kansa ban gusa ko nan da can ba, na yi bisimilla na danna. Yaya na tsaye a bakin ƙofa da makullai a hannu, yana jiran a gama ya rufe.

Inji ya yi aikinsa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na kwance wuyan, na hure garin, na shafa bayansa. Sai na ji shi. Tun daga gindi har kai, ƙananan tudu da kwari ne a jere, irin na yashin bakin kogin Shari in ruwa ya janye. Ba girgizar gurup ba ce. Inji ya koyi hannun Kawu sarai, amma hannun da ya samu ya koya shi ne mai rawar. Mai lafiyar, wanda muka sayar da fili muka hana unguwa barci dominsa, Kawu ya ja mana rai har ya wuce. Wani irin haushi ya taso mini, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Na ce da ƙarfi, "Kun gani ko? Kun gani?" kamar yana zaune a wurin.

Tonton ya karɓa ya shafa. Can ya ce, "Ba komai, bitti. Samfefa za ta share wannan. Tawa jitar ma tana nan, duk ranar da kike so ki kwafa." Ya miƙa hannu ya ciro samfefa daga kan shiryayye.

Yaya ya ce, "Ku ba ni in ga abin da aka sayar da filinmu dominsa." Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa yarda ya riƙe jita ba. Ya karɓa da hannu ɗaya, a wulaƙance, ya bi bayan wuyan da babban yatsa. Ya tsaya. Ya koma gindi ya sake bi a hankali. Makullan suka faɗi ƙasa bai duba ba.

Ya ce, "Haka yake yi. In na riƙe shi za mu masallaci, haka yake yi a cikin hannuna."

Tonton ya miƙo hannu zai karɓa ya goge. Yaya ya janye, ya rungume katakon a ƙirji. Ya ce, "Kada ka taɓa shi, Tonton. Don Allah kada ka taɓa." Ya juya ya shiga cikin gida da shi. Muna tsaye muka ji ya ce, "Iya, kawo hannunki." Jim kaɗan muka jiyo kukanta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kan da ni har yau nake fama da yafewa. Ya haskaka kabarinsa, ya sa a inda yake kwance hannun nan ya samu hutu.